Yawon ƙafa a karkarar Laminga da duwatsun Shere: jagora ga mai zuwa karon farko

Wanda ya bar Jos ta hanyar Lamingo ya nufi gabas, ba zai yi nisa ba gidajen bulo za su fara ja da baya, gonaki da manyan duwatsu su karɓi wurin. Nan ƙasar Afizere ce, waɗanda Hausawa suka fi sani da Jarawa. A nan ƙauyen Laminga yake, cikin ƙaramar hukumar Jos ta Gabas, kimanin kilomita 15 daga cikin gari. A gefensa akwai dajin Amurum, sannan ga jerin duwatsun Shere waɗanda ƙololuwarsu ta kai kusan mita 1,829 sama da teku, alhali birnin Jos kansa yana zaune ne a kan mita 1,200 da 'yan kai. Ga mai son miƙe ƙafa ya sha iska, da wuya a samu wurin da ya haɗa sanyi da kurmi da tsauni kusa da babban gari kamar wannan.

Abu guda nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan, domin duk sauran bayanin a kansa ya rataya: babu turbar da aka yi domin ɗan yawo a wannan karkara. Kowace ƙaramar hanya da ka gani ƙafar wani ce ta fitar da ita, kuma yana da dalilinsa. Wannan ta zuwa gona ce, waccan ta zuwa rafi ce, wata ta masu itace, wata ta shanu, wata kuma tana ƙarewa a wurin da baƙo ba ya shiga. Ba za ka tarar da allo ko fenti a jikin dutse yana nuna maka inda za ka bi ba. Saboda haka shirin tafiyar daga mutane yake farawa, takalmi da jaka daga baya suke zuwa.

Fara da zaɓen wata, sannan rana

Damina a tudun Jos tana kamawa tun Afrilu ta kai Oktoba, kuma ruwan da ke sauka a shekara yana kaiwa wajen milimita 1,400, wato ya fi na Kano nesa ba kusa ba. Yuli da Agusta su ne tsakiyarta. A lokacin ƙasa ta yi kore shar, ƙoramu sun cika, kuma duk wanda ya ga hotunan sai ransa ya biya. Amma ni ban ba sabon shiga shawarar ya fara da waɗannan watanni ba. Falalen dutse idan ya jiƙe santsi ne da shi, gansakuka ta rufe shi, ciyawa ta yi tsawon da za ta ɓoye rami da maciji, ga hadarin yamma da ke haɗuwa cikin ɗan lokaci, wani sa'in har da ƙanƙara.

Lokacin da ya fi daɗi shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba. Ruwa ya ɗauke, dutse ya bushe, amma ganye bai gama zuba ba, sararin sama kuma garau yake kafin hazo ya sauko. Disamba da Janairu tafiya ba ta da wuya, sai dai sanyin asuba yana shiga ƙashi, kuma idan hunturu ya yi ƙarfi za ka sha wahalar hawa ka isa sama ka tarar hazo ya rufe komai. Fabrairu da Maris rana tana da zafi, ƙoramu da yawa sun ƙafe, kuma lokacin ne ake yawan cinna wa daji wuta. In ka hango hayaƙi a gefen da iska ke tasowa, canza hanya, kada ka hau sama da wutar, domin wuta ta fi gudu idan tana hawan tudu.

Game da rana kuwa, Asabar ta fi. Galibin mutanen yankin Kirista ne, ranar Lahadi da safe ƙauye yana coci, wanda za ka nema ya raka ka ba lallai ka same shi ba. Ka bar gida da sassafe yadda ƙarfe bakwai za ta same ka ka riga ka sa ƙafa a turba. A Disamba rana tana faɗuwa da ƙarfe shida da 'yan mintoci, kuma a ƙasarmu duhu ba ya jira: minti ashirin bayan faɗuwarta sai tocila.

Tambayi labarin tsaro, sannan ka je ka yi sallama

Ba za a ɓoye wa kowa ba, jihar Filato ta sha fama da tashin hankali, kuma a 'yan shekarun nan an kai hare-hare a ƙauyukan Bokkos, Mangu, Barikin Ladi, Riyom da Bassa. Satar mutane don kuɗin fansa ma ta taɓa gefen Jos. Wurin da yake lafiya a wannan watan yana iya canzawa a wata mai zuwa, don haka labarin da abokinka ya ba ka na zuwansa bara ba ya wadatarwa. Ka nemi labarin makon da kake ciki daga bakin mazaunin wurin. Idan ya ce a dakata, to a dakata, dutse ba ya zuwa ko'ina.

Ƙofofin shiga a nan guda uku ne, gwargwadon inda kake son zuwa.

Idan dajin Amurum ne, akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda aka fi sani da APLORI, da ke zaune a wurin tun farkon shekarun 2000 tare da haɗin gwiwar Jami'ar Jos. Dajin keɓaɓɓe ne, faɗinsa kimanin hekta 300, kuma ɗalibai suna da ayyukan bincike a cikinsa. Ba a faɗa masa haka kawai. Ka tuntuɓi cibiyar kafin ranar, ka faɗi yawanku da abin da ya kawo ku. In kun ci karo da raga a shimfiɗe tsakanin bishiyoyi ko wani ƙyalle ɗaure a reshe, na masu bincike ne, a bar shi yadda yake.

Idan manyan tsaunukan Shere ne, akwai cibiyar horar da 'yan ƙasa da koyar da shugabanci, wadda kowa ke kira Man O' War. Asalinta daga 1951 ne a wata gaɓar teku mai wannan suna a Kamaru, kuma makarantarta ta hawan dutse tana gindin Shere. Malamanta aikinsu ke nan, sun san inda ake bi da inda ba a bi. Duk wanda ke da niyyar taɓa wurare masu tsayi irin tsaunin da ake kira Gog da Magog, ta wurinsu ya kamata ya bi.

Idan kuwa zagayen gonaki da ƙoramun ƙauye ne, to ƙofar ita ce gidan mai unguwa ko dagaci. Wannan matakin ne 'yan birni suka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi kowanne amfani. Ku je mutum biyu ko uku, ba duk tawagar ba. Hausa ta wadatar, kusan kowa yana jin ta. A gaisa a natse: "Ranka ya daɗe, mun zo gaisuwa ne. Mu baƙi ne daga cikin gari, muna so mu zaga mu ga duwatsu, shi ne muka ce ba za mu shiga ba sai da saninka." Ka faɗi yawanku, da lokacin da kuke sa ran fitowa. Ɗan abin gaisuwa a hannu ba laifi ba ne, kuma ba cin hanci ba ne, ladabi ne. Daga nan ka roƙi a haɗa ku da wanda zai yi muku jagora. Wanda mai gari ya ba ku ya fi wanda kuka tsinta a bakin titi, domin akwai wanda zai tambaye shi idan wani abu ya faru.

Amfanin wannan sallama ya wuce samun ɗan rakiya. A ƙasar da mutane ke kwana da ido ɗaya, baƙi goma da jakunkuna a bayansu suna ratsa daji abin tsoro ne. Matar da ta hango ku daga gona za ta iya rugawa gida ta ce ta ga wasu, kafin ku ankara 'yan banga sun fito. Amma idan labari ya riga ku isa, ko aka ga ɗan gari a gabanku, sai a ɗaga muku hannu kawai. Da ɗan gari akan ci gari.

Ku yi ciniki da ɗan jagora kafin a tashi, kada a bar shi sai an dawo a gajiye. Ma'aunin da ya dace shi ne abin da ake biyan ƙwadagon yini a gona a wannan lokacin, a ɗora wani abu a kai, a kuma haɗa shi cikin abinci da ruwa. Sannan ka yi masa tambayoyi huɗu tun kuna tsaye: ina ne ba a shiga, ina ne ba a ɗaukar hoto, ina ake samun sabis na waya, ina ne hanya mafi kusa da mota ko babur zai iya zuwa idan wani ya ji rauni. Tambayar farko tana da nauyi. Akwai kurmi da kogo da duwatsun da mutanen wurin suke girmamawa tun kaka da kakanni, wasu ba a yarda mace ta shiga ba, wasu ba a yarda da kowane baƙo ba. Shi kansa Amurum irin wannan girmamawar ce ta taimaka ya tsira daga gatari kafin masu bincike su zo. Ko ka yarda da dalilin ko ba ka yarda ba, ba gidanku ba ne.

Wani ɗan tsokaci ga mai shiga motar haya: Lamingo daban, Laminga daban. Ta farko unguwa ce a bakin gari inda dam da asibitin koyarwa suke, ta biyu ƙauye ne a can gaba. Ka bayyana wa direba sosai.

Auna hanyar da agogo, ba da ido ba

Dutse yana da yaudara. Abin da ka hango kamar ka miƙa hannu ka taɓa, sai ka yi awa biyu ba ka kai gindinsa ba, saboda tsakaninku akwai kwari da kwazazzabon da ba a gani daga nesa. Haka kuma idan ɗan gari ya ce maka "nan kusa ne", da ƙafarsa yake aunawa, shi da ke hawa da buhun acca a ka.

Akwai wani lissafi mai sauƙi da wani mahayin duwatsu ɗan Sukotlan mai suna William Naismith ya fitar a 1892, har yau ana amfani da shi: a ba kowace kilomita 5 awa ɗaya, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Misali, zagayen kilomita 8 mai hawan mita 300 zai ci awa ɗaya da minti 36, a ƙara minti 30, ya zama awa biyu da 'yan mintoci. Wannan na mai ƙarfi ne da ba ya tsayawa. Ga tawagar da ke da sababbi, ga hoto, ga hutu, ga ratsa duwatsu, sai ka ƙara rabin abin da ka samu. Awa uku da ɗoriya ke nan.

Karon farko kada ya wuce haka. Zagayen gonaki da bakin kurmi, a hau wani matsakaicin dutse a ci abinci, a sauko kafin azahar. A karo na biyu ko na uku sai a yi maganar ƙololuwa, inda hawan kaɗai zai kai mita 500 ko fiye, kuma akwai wuraren da sai an haɗa da hannu.

Ku tsayar da lokacin juyowa tun kafin ku tashi, ku kuma amince cewa agogo ne zai yanke hukunci. In an ce ƙarfe ɗaya, to ƙarfe ɗaya ta yi a juya, ko da saura ƙiris a kai sama. Gardamar "ai mun kusa" ita ce take kai mutane saukowa cikin duhu.

A waya, ka sauke taswirar yankin tun kana gida. Google Maps yana ba da damar haka, amma manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps sun fi nuna tudu da gangara. Na'urar gano wuri da ke cikin waya tana aiki ko babu sabis, matuƙar akwai caji. Ka kunna ɗaukar sawu daga inda kuka ajiye mota, domin ko ba komai za ka iya bin layin ka dawo. Sannan ka bar wa wani a gida bayanin inda kuka nufa, da lokacin dawowa, da lambar ɗan jagora. Hotuna kuwa a riƙe su sai an koma gida a sa a Facebook ko WhatsApp. Sanar da duniya inda kake a cikin daji a daidai lokacin da kake can ba dabara ba ce.

Kayan da za a ɗauka

Takalmi shi ne kan gaba. Ba sai mai tsada ba: kambas mai kaushin ƙasa wanda ƙafarka ta saba da shi, da safa mai kauri. Sabon takalmi ranar tafiya bororo ne kawai zai jawo maka. Silifa da takalmi mai santsin ƙasa a bar su a mota. Dogon wando ya fi gajere saboda ƙaya da kaska da ƙaiƙayi. 'Yar'uwa mai sa hijabi ta zaɓi gajere wanda ba zai kama reshe ko ya rufe mata ganin inda take taka ƙafa ba, ta sa wando a ƙarƙashin doguwar riga. Zani yana hana buɗe ƙafa a wurin hawa.

Ruwa: lissafa rabin lita ga kowace awa ta tafiya, kada ya gaza lita biyu ga mutum ɗaya. Sanyin Jos yana sa mutum ya manta da ƙishirwa alhali jikinsa yana bushewa, musamman da hunturu. Ruwan ƙorama komai haskensa ba a sha sai an tafasa, domin ba ka san abin da ke sama da kai ba, ko shanu ko masu wanki. Guzuri kuwa namu na gida ya isa: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kilishi, dafaffen ƙwai, ayaba. Ka haɗa da ƙullin gishiri da sukari na asibiti guda biyu. In babu, cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya ta ruwa.

Sauran: malafa ko hula mai baki, rigar sanyi mara nauyi (kowace mita 1,000 ta hawa tana rage zafi da kusan digiri 6, ga iska a sama), rigar ruwa idan damina ce, tocila ko da kun yi niyyar dawowa da rana, usur, abin cajin waya, bandeji mai naɗewa, filasta, farasitamol, man shafawa don leɓe, da leda ta zuba shara. Sanda tana taimakon gwiwa a gangara. Turare kuwa a haƙura da shi ranar, saboda ƙudan zuma. Wuƙa babba, adda, ko tufafi masu kama da kakin soja, duk a bar su a gida, suna jawo tambayoyin da ba ka bukata.

Mai salla ya tuna alƙibla daga nan gabas ce da ɗan karkata zuwa arewa, wajen digiri 65 a kamfas ɗin waya.

A kan turba

Ɗan jagora a gaba, mai ƙarfi ɗaya a ƙarshe, mafi rauni a bayan jagora kai tsaye, domin da saurinsa za a yi tafiyar. Kada tawaga ta gaza mutum uku: in ɗaya ya ji ciwo, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya nemo taimako. In kun wuce goma sha biyu kuma, ku nemi jagora na biyu.

Kashin farko na tafiyar cikin gonaki ne. Za ka ga acca, dawa, tamba, rizga, gwaza, da dankalin Turawa a fadamu. A bi gefen gona, kada a taka kunya. Acca tana ruɗin baƙo ƙwarai, domin kafin ta nuna kamar ciyawar banza take, sai mutum ya ratsa ta tsakiya yana taka abincin gidan wani bai sani ba. In ka ga fili mai laushin ciyawa iri ɗaya, tambayi jagora kafin ka sa ƙafa. Duk wanda kuka tarar yana aiki a gaishe shi: "Sannu da aiki, Baba", "Mama, ina gajiya?" Kada a tsinki mangwaro ko gwaiba ko atili sai an tambaya, kuma kada a ɗauki hoton mutum, balle yaro, sai da izini. Shingen ƙyarana da ke zagaye gidaje da gonaki a yi nesa da shi. Farin ruwansa yana ƙona fata, in ya shiga ido kuwa sai a yi ta wankewa da ruwa mai yawa a nufi asibiti.

Idan kun haɗu da garken shanu, ku tsaya gefe su wuce. Ba a ratsa tsakiyar garke, ba a kusantar saniya mai ɗan maraƙi, ba a ɗaga sanda. A yi wa makiyayi sallama kamar yadda aka yi wa manomi. Kusa da ruga akwai karnuka. A tsaya daga nesa a yi magana har wani ya fito, kada a gudu. Kuma don Allah a bar siyasar manoma da makiyaya a gida, ba a san wanda ke da sabon miki ba.

A bakin kurmi tafiya takan yi daɗi. Ga inuwar maje, ɗorawa, ɓaure, ɗinya da malmo. Masu bincike sun ƙirga tsuntsaye kusan iri 300 a Amurum, cikinsu har da wani ɗan ƙaramin jan tsuntsu mai zama a duwatsu wanda sai a 1998 masana suka tabbatar cewa jinsi ne na daban. Wanda ke son ganin irin waɗannan sai ya rage murya, ya kashe waƙar waya. Ni a ganina lasifika ba ta da wuri a daji ko kaɗan. Birai ma suna nan, kada a ba su abinci, domin ranar da suka saba gonar mutane za su koma.

Wajen hawa, a taka a hankali da gajerun taku, a sa tafin ƙafa gaba ɗaya a kan dutse. Inda ake bukatar hannu, gaɓoɓi uku su kasance a riƙe kafin a motsa na huɗu. Kada ka cusa hannu a ramin da ba ka ga cikinsa ba, kada ka dogara da ciyawa ko ƙaramin reshe. A bar tazara tsakanin mutum da mutum, wanda ya ture dutse kuma ya yi ihu nan take don na ƙasa su kauce. Kafin ka hau kowane wuri ka tambayi kanka ko za ka iya saukowa ta nan, domin saukowa ta fi hawa wuya, kuma a lokacin ne ƙafa ta gaji, hankali ya tafi gida. A gangara mai santsi zama a ja gindi ba abin kunya ba ne.

Ruwan da ke kwance a yi hattara da shi. Tudun Jos cike yake da kududdufan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa, bakinsu a tsaye yake, zurfinsu ba a gani, kuma sun ci mutane da yawa. Akwai kuma ƙananan ramukan masu haƙar hannu da ciyawa ke rufewa. Wannan ma wani dalili ne na bin sawun jagora. Wanka a ruwan da ba ya gudu yana iya jawo tsargiya.

In abu ya faru

Tsawa. Idan ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙa har ka ji ƙara, ka raba uku, ka samu nisanta a kilomita. In bai kai daƙiƙa 30 ba, kana cikin haɗari: a sauka daga ƙololuwa da falalen dutse, a nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai da bakin kogo mara zurfi, a warwatsu kada a cure wuri ɗaya. Bayan ruwa, ƙoramar da kuka tsallake da safe tana iya zama kogi. In ruwan ya kai gwiwa kuma yana gudu, a jira ya janye, yawanci ba ya daɗewa.

Maciji. Akwai kasa da gamsheƙa, kububuwa kuma ta fi yawa a ƙasan tudu, wajen Langtang da Shendam. Yawancinsu gudu suke yi in sun ji motsi, sai kasa da ke kwanciya ta ƙi tashi, shi ya sa ake duban inda ake taka ƙafa. In ya sari wani, a janye shi daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi, a ɗaure gaɓar da sanda yadda ba za ta motsa ba kamar yadda ake yi wa karaya, a ɗauke shi kada ya taka. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure jijiya tamau da igiya, ba a ɓata lokaci wurin neman kashe macijin ko jiƙa magani. A rubuta lokacin da abin ya faru, a nufi asibiti. Sa'ar wannan yanki ita ce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana Lamingo, a kan hanyar komawa gari. A kira tun ana hanya, lambar gaggawa ta ƙasa kuma 112 ce.

Ƙudan zuma sukan yi gida a tsagar dutse. In sun taso, a rufe fuska a bar wurin da sauri ta hanyar da ba gangara mai haɗari ba. Wanda fuskarsa ta kumbura ko numfashi ya yi masa wuya bayan harbi, asibiti kai tsaye.

Targaɗe: a naɗe da bandeji, a rage masa kaya, a juya gida ta hanya mafi sauƙi. Wanda ya fara jiri, ciwon kai ko tashin zuciya, a kai shi inuwa, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. In ya fara sambatu ko ya rikice, a jiƙa jikinsa da ruwa, a yi masa fifita, a nemi mota.

Wanda ya rabu da tawaga ya tsaya inda yake, kada ya ƙara nisa. Ya busa usur sau uku, ya saurara, ya maimaita. In dole ne ya motsa, ya bi turbar da ta fi takuwa zuwa ƙasa, domin irinta gona ko gida take kaiwa, ya kuma guji bin cikin kwazazzabo, inda ake cin karo da gangaren da ba ya sauƙuwa.

Bayan an sauko

A ƙirga mutane kafin a shiga mota. A biya jagora abin da aka yi alkawari, a karɓi lambarsa don gaba, a leƙa gidan mai unguwa a ce an fito lafiya, ko a aika jagoran ya faɗa. Ledar shara ta koma gari tare da ku, har da ledojin ruwa, domin awaki da shanu suna haɗiye su su mutu. In akwai masu sayar da dankali, tumatir ko zuma a bakin hanya, a saya a wurinsu.

A gida, kafin wanka, a duba bayan gwiwa, hammata, ƙugu da cikin gashi ko kaska ta kama. In an same ta, a kama ta dab da fata da ɗan hantsaki a ja a miƙe a hankali, kada a murɗa ko a ƙona ta, sannan a wanke wurin da sabulu. Ciwon cinya na kwana biyu ba komai ba ne. Amma zazzaɓi cikin makonni biyu zuwa uku bayan tafiyar, ko jini a fitsari daga baya ga wanda ya shiga ruwa, a je asibiti a gaya wa likita inda aka je da ranar da aka je.